Ranar da Baba ya fito a majigi

Bayan magariba aka kafa majigi a Rogo, zamanin Turawa, fim ɗin noman gyaɗa. Ina zaune kusa da kakata sai ga Baba a jikin farin ƙyallen, yana ɗinke buhu. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ashe kafin ya rasu an ɗauki hotonsa a kasuwar Ƙaraye.

Ya ɗago kai ya dubi inda muke.

Na ce, "Iya, yana ganinmu?"

Ta ce, "Durƙusa ka gai da ubanka."

Na durƙusa.

Yanzu jikokina suna gardamar daraktan da ya fi gwaninta. Ni gwanina shi ne wanda ya yi haƙuri har Baba ya ɗago kai, ko sunansa ban sani ba.

Ku wane fim ne ya ƙi barin zuciyarku?