Ranar da Mahaifiyata Ta Zuga Wutar Igwa a Birmingham

Shekarun baya, da matata ta haihu, mahaifiyata ta zo mana unguwarmu ta Longsight, can ƙasar Turawa. Sati uku kacal ta fara cewa a sauya mata tikiti ta koma gida. Ba ta cin abin kirki, ba ta hira, sai zaman bakin taga tana kallon motoci. Har wurin GP, wato likitan unguwa, na kai ta, aka ce lafiyarta ƙalau.

Akwai abokina da muka yi jami'a tare, ya shiga cikin wasu maƙera a Birmingham masu ƙera igwa irin ta mutanen da, babu lantarki, babu walda. Wata Asabar na lallaɓa ta muka je, don dai ta sha iska.

Mun tarar sun ɗaure sandunan ƙarfe kamar damin kara, suna gasa zobban ƙarfe suna zura musu. Ni kuwa injiniya, sai na hau yi wa Hajiya bayani. Shugabansu, wani dattijon Bature mai ƙonannen gemu, ya ce tunda na sani haka, in kama zugazugi. Na kama, na yi ta ja kamar mai faɗa. Tartsatsi ko'ina, gumi sharkaf, zobe ya ƙi yin ja.

Sai na ji an taɓa kafaɗata.

“Kauce, kana ba ni kunya.”

“Hajiya, da nauyi fa.”

“Na ce kauce.”

Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta kama sandar zugazugin, tana ja a hankali tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Wuta ta daina hauka, ta yi fari tas. Ta dubi dattijon ta ce, “Ɗauka yanzu!” Ban ko fassara ba ya kai awartaki. Zobe ya zauna daram, masaba ta sauka, rumfa ta kaure da ihu.

A jirgin ƙasa muna dawowa take gaya mini, kafin a yi mata aure shekara bakwai tana yi wa mahaifinta zuga a maƙerarsa, don ba shi da ɗa namiji.

“Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?”

“Ka taɓa tambaya?”

Asabar biyar muka yi muna komawa, maganar tikiti ta bi ruwa. Ranar da aka ɗura wa igwar albarushi aka harba a wani fili, Hajiya ta rangaɗa guɗar da ta sa Turawa waiwayowa.

Har yau in na tuna sai in yi dariya, sannan in ji kunya kaɗan. Na ɗauka sanyi ne ya dame ta, ashe mun zaunar da ita ne kamar baƙuwa, kowa na cewa ta huta. Yanzu in na kira ta, bayan gaisuwa nakan ce, “Hajiya, ba ni labarin da ban sani ba.” Ba ta taɓa rasawa ba.