Iska Mai Ƙamshin Man Gyaɗa

Shekarar da nake da cikin 'yata ta biyu, lokacin da wayar salula ta fara shigowa ƙauyuka, maigidana da yayana suka ɓata a kan iska. Iskar taya nake nufi, wadda ake busawa a rumfar mai faci, kada wani ya ɗauka wani babban abu ne.

Maigida direba ne. Yana da wata doguwar mota 'yar Kwatano, yana kwaso kwandunan tumatir daga gonakin rani na bakin kanal ya kai kasuwa. Duk ƙauyenmu ita kaɗai ce mai esi, na'urar sanyaya mota, da ke aiki, kuma ni wallahi esin nan na fi so a kan motar. In zai kai ni awo asibitin Kura sai in ce ya bi a hankali saboda cikin, alhali sanyi nake son ƙara sha. Yaya kuwa mai faci ne, rumfarsa tana daidai inda hanyarmu ta haɗu da kwalta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba da Inna, shi ya aurar da ni. Ba ni da kowa sai shi.

Wata rana Maigida ya kai masa tub. Yaya ya ɗaga shi sama a gaban direbobi ya ce, "Ango, wannan ai faci ne aka yi wa ado da tub. A ina zan manna?" Har lokacin Ango yake ce masa, kuma tsokanar nan sun saba da ita. Amma ranar direbobi suka yi dariyar da ta wuce kima, har da mai faɗuwa daga benci. Maigida ya fizge tub ɗinsa ya rantse da Allah tayarsa ba za ta ƙara shan iskar Yaya ba. Shi ma Yaya, da yake zuciyarmu ɗaya, ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidanmu ba sai ranar da tayar ta dawo rumfarsa.

Manya-manyan mutane da gemu! Liman ya ce abin mai sauƙi ne, wani ya karya ya yi kaffara. Kowa ya ce ɗayan ya yi. Ni kuma ina zaune da tulun ciki ina tunanin ranar suna, a taru a ƙofar gida babu namiji ko ɗaya daga dangina. Na yi kuka, na yi fushi, na daina gaishe da Maigida da safe. Ko a jikinsa.

Matsalarsa ɗaya, hanyar gonaki ƙaya ce da kara, kuma babu wani mai faci sai ka dangana da Kura. Can ne wani bakanike, Allah ya shirye shi, ya gaya masa cewa kwamfiresan esi ba komai ba ne illa famfon iska. Ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai. Ina leƙe daga soro ya buɗe gaban motar, ya kwance wani bututu, sanyina ya fita fuuu ya bi sama. Na ce, "Malam, me na yi maka?" Ya ce, "Ke dai zuba ido."

Ya ɗaure tsohuwar safa a bakin da ke zuƙar iska saboda ƙura. Ya kai wa mai walda wata jar tukunyar kashe gobara aka mai da ta ma'ajiyar iska, aka liƙa ta a ƙarƙashin kujerar baya, daidai inda nake zama. Ya jona doguwar tiyo. Maɓallin da nake dannawa in sha sanyi ya koma na busa taya. Babu abin auna iska, da ƙafa yake yi, ya harbi tayar ya karkata kai ya saurara kamar mai zaɓen kankana.

Bakaniken ya ce masa tunda an fitar da gas ɗin da ke kawo sanyin, sai an riƙa ɗura wa kwamfiresan mai da hannu, in ba haka ba zai ƙone. Maigida ya yi nazari ya ga baƙin mai zai ɓata masa iska. Ni kuwa sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma yadda Inna take yi nake yi, in soya albasa da ɗan citta a ciki don kashe gafi. Sai na fara ganin galan ɗina yana ramewa. Na zargi maƙwabciyata, Allah ya yafe mini, har na daina ara mata turmi. Ashe ɓarawon tare muke kwana. Da na kama shi da ludayina a hannu ya ce, "Mai ai mai ne."

Abin haushin, abin ya yi aiki. Na yi ta addu'a ya ƙi, ya ƙi ƙi. Yana danna maɓalli sai ka ji tat-tat-tat, taya ta miƙe, unguwa ta ɗauki ƙamshin suya. Wata tsohuwa ta taɓa aiko da kwano a zuba mata ƙosai. Awaki suka riƙa lasar tayoyin. Shi kuwa don ya ƙuntata wa Yaya sai ya buɗe iska kyauta. Masu keke, masu babur, masu baro, 'yan ƙwallo, kowa ya zo. Manoman shinkafa suna tsayar da shi a bakin kanal kamar wani ɗan siyasa, yana ɗaga musu tiyo.

Ba a jima ba duk facin da ya sha iskar nan ya fara saɓulewa, don mai da gam ba sa shiri. Mutum yana tafe a kan kekensa lafiya lau sai ya ji shi a kan ƙarfe. Duk suka kwashi tub ɗinsu suka nufi wurin Yaya, layi har bakin kwalta. Mata suka zo suna ba ni labari suna dariya. Ni ban yi dariya ba, don har lokacin ban sa yayana a ido ba, kuma Maigida ya hana ni zuwa.

Naƙuda ta kama ni da hantsi, ranar wata Laraba. Ungozoma ta duba ta ce wannan ta asibiti ce. Aka sa ni a baya tare da ita, a kan tukunyar gobara, gilas a sauke, zufa tana zuba. Mun bi kanal mun kusa kwalta, har ina hango rumfar Yaya, sai tayar baya ta ce fiii ta kwanta.

Maigida ya fito da fara'arsa, wai ga ranar da zan ga amfanin abin. Ya jona tiyo ya danna maɓalli. Motar ta yi wata ƙara kamar an taka kare, hayaƙi ya tashi, warin ƙonannen ƙuli ya cika mu. Man ya daskare a ciki ya zama kamar alewa, kwamfiresan ya cije. Ya ciro safaya, ita ma a kwance, don ita ta fara shan iskarsa. Ya kwance tayar ya jingine ta, ya tsaya yana waige-waige, wai ko mai keke zai wuce da famfo.

Na ce, "Malam, ga Yaya can."

Ya ce, "Kin san na rantse."

Ciwo ya murɗa ni, na riƙe ƙofa har ya lafa. Sai na sauko, na gyara ɗaurin zanina, na kama tayar nan na fara gara ta. Ungozoma tana salati. Na ce, "Ni ban rantse wa kowa ba. In na haihu a hanya ku sa wa abin da na haifa suna Faci."

Tayar da babu iska ba ta garuwa, sai ta yi taku biyu ta faɗi, in sunkuya in ɗaga. Masu dashen shinkafa suka miƙe tsaye cikin ruwa suna kallon mace mai naƙuda tana gara taya. Ban yi nisa ba na ji an fizge ta daga hannuna. Maigida ne. Ya ɗora ta a ka, ya zuba da gudu, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba, yana kiran "Yaya! Yaya!" da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Tare suka dawo, Yaya yana gara tayar a cike, sabon tub a ciki, Maigida yana biye yana haki. Suna ɗaure noti, ɗaya ya miƙa sifana ɗaya ya karɓa. Yaya ya shiga gaba ya bar rumfarsa a buɗe, ya waiwayo ya ce, "Sannu Auta, riƙe hannuna." Kafin azahar na haifi mace.

Ranar suna Maigida ya yi kaffararsa, aka sa wa yarinyar sunan Inna. Yaya ya yi sallama ya shigo har ɗakina, na ɗora masa ita a cinya. Na ce sai na yi masa tsiya, na ce, "Yaya, watanni ko aike, ka manta da ni ke nan."

Ya daɗe yana kallon jaririyar. Sannan ya ce tub na farko mai iskar Ango da wani mai keke ya kawo masa, yana zare bawul ya ji albasa da citta, ya san man daga hannuna ya fito. Bai yi masa faci ba. Ya ba mai keken sabo, ya rataye wancan a cikin rumfa.

Ya ce, "Kullum in na buɗe da safe sai na shinshina, in ce Auta tana nan lafiya tunda tana suya."

Na juya fuska bango na yi ta kuka, mata suna cewa ciwon bayan haihuwa ne.