Baba Tamau da Bututunsa

A layin masu aikin ƙarfe babu wanda ke tuna sunansa na yanka. Baba Tamau ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa, domin duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ɗaure shi tamau. Iliminsa kaf a duniya guda ne: in abu ya ƙi zama, matsi ne bai ji ba.

Injin sassaƙar ƙarfe ne da shi a shago, tsoho, mai koren fenti da ya koma baƙi don maiƙo. A bakin sandar injin ake saka haƙorin da ke yankan ƙarfe, abin da ke riƙe haƙorin kuwa wani ɗan zobe ne mai tsaga-tsaga da ake kira kwalet. Kowane haƙori da kwalet ɗin da ta yi daidai da kaurinsa. A zura, a murɗa noti kaɗan da sifana, magana ta ƙare. Haka sauran bayin Allah ke yi.

Shi Baba Tamau kwalet ɗaya gare shi, tun yana da gashi a ka. In haƙori ya yi mata kauri, ya buga shi da guduma ya shiga. In ya yi siriri, ya yanko gwangwanin madara ya naɗe shi. Sannan ya ɗauko abin alfaharinsa, wani bututun ƙarfe mai tsawon hannu, ya zura wa sifana, ya sa mutum ya riƙe masa sandar injin don kada ta juya, ya rataya a kan bututun har sai jijiyoyin wuyansa sun fito. Aikin mutum biyu ne, ɗaurewar da kwancewar duka, kuma don wannan riƙon ya ɗauka Allah ya ba shi 'ya'ya maza.

Babban ɗansa ya riƙe ya gaji, ya koma tuƙin mota. Mai bi masa ya riƙe har ya yi aure, ranar da aka ce masa ko fita shan iska sai da izini, ya kwashe matarsa ya bar gidan. Baba Tamau ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano inda ya yi kuskure: sakaci ya yi musu. Saboda haka ya ƙara wa Auta matsi.

A gida ma haka. Famfon tsakar gida ya shekara yana ɗiga, tun ranar da ya murɗe shi har zaren ya cinye. Maiɗakinsa ta ajiye bokiti a ƙasa ta zuba masa ido.

"Malam, kai fa ka kashe famfon nan," in ji ta.

"Kayan zamani ne, ba su da ƙwari."

"To, yaran ma na zamanin ne. Saura ɗaya ya rage maka, ka lallaɓa shi."

Ya ce mata aikin ƙarfe ba na mata ba ne. Ta ce ai ba maganar ƙarfe take yi ba.

Auta ba yaro ba ne, da gemunsa da 'yarsa ta goye. Yana son aikin nan, yana kuma son ubansa, abin da ya hana shi tafiya ke nan duk da wata masana'anta da ta daɗe tana kiransa. Wata safiya ya shigo shago da ɗan akwatin katako, ya buɗe a kan teburi. Kwalet ne jere, daga ƙarama har babba, kowace a raminta, suna ƙyalli.

Baba Tamau ya leƙa, ya taɓe baki. "Kayan kwalliyar wa ka ɗauko mana?"

"Baba, don Allah ka saurare ni. Mutanen masana'antar nan sun ce in ba su amsa a makon nan. Ni ban son tafiya. Aikin mai robar nan da za mu yi yau, ka bar ni in sa kwalet ɗin da ta dace, in ɗaure da hannuna, ba bututu. Shi ke nan abin da nake roƙo. In ka yarda, na zauna."

"Au, sharaɗi kake gindaya min a shagona? Da wace kwalet aka ciyar da kai har ka yi wannan gemun?"

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Wani mai yin kofunan roba ne ya kawo dunƙulen ƙarfe, a sassaƙa masa ramin da zai riƙa zuba narkakkiyar roba a ciki. Sun kwana biyu a kansa, saura gyaran ƙasan ramin da siririn haƙori. Baba Tamau ya yanko gwangwaninsa, ya naɗe haƙorin, ya cusa a tsohuwar kwalet.

"Riƙe min nan."

Auta ya dubi akwatinsa, ya dubi ubansa, ya riƙe.

Injin ya tashi. Da farko sautin lafiya lau, Baba Tamau har yana waiwayen ɗansa yana murmushin na-faɗa-maka. Can sai kukan ya yi kauri. Haƙorin da aka naɗe da gwangwani ya fara zamewa ƙasa a hankali, yana nutsewa cikin ƙarfen fiye da inda aka aike shi. Kafin Auta ya kai hannu ga makunni, ya haƙa kwari a ƙasan ramin, irin wanda ba ya cikuwa. Kofin da zai fito daga nan sai dai ya fito da ƙari a gindi.

Injin ya tsaya. Ko a lokacin Auta bai fid da rai ba, kalma ɗaya ta amsa laifi yake jira daga bakin ubansa. Baba Tamau ya sunkuya ya ƙare wa ɓarnar kallo, ya miƙe, ya yanke hukunci.

"Ba ka riƙe da kyau ba. Bai ɗauru ba. Riƙe min in ƙara."

Auta ya riƙe, na ƙarshe. Tsohon ya rataya a kan bututu da duk nauyinsa, har aka ji wani abu ya ce ƙas a cikin notin. Auta ya saki sandar, ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta a kan kujera.

"Baba, a yafe ni. Akwatin na bar maka."

"Tafi mana! Wa ya riƙe ka?"

Da Baba Tamau ya koma gida ya ba maiɗakinsa labari. Ta je ta zubar da bokitin famfo, ta mayar da shi wurinsa.

Washegari ya riga kowa zuwa layin. Ya turo ƙofar shago, ya leƙa hagu da dama, sannan ya buɗe akwatin kwalliyar. Ya ɗauko wani siririn haƙori, ya gwada wannan kwalet, ya gwada waccan. A ta uku haƙorin ya shige sumul, ya zauna daram, ba guduma ba gwangwani. Ya juya shi a tafin hannu, ya ji haushi ƙwarai, don abin ya yi kyau. Ya ce a ransa zai gwada sau ɗaya, kuma ba mai ji.

Sai dai tsohuwar kwalet tana can cikin notin da ya ɗaure jiya, sai an kwance ta. Ya sa sifana, ya zura bututu, ya ja. Sandar injin ta juya ta biyo shi. Ya riƙe ta da hagu ya ja da dama, ko gezau. Ya tokare da gwiwa, bututun ya kufce ya buge masa ƙauri. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Auta," ya ce, bai ko waiwaya ba, "zo riƙe min nan."

Rigar aikin tana kan kujera a ninke, yadda aka bar ta.