Auren Gwaggo Rifkatu da Mutumin Kan Rimi

Kakata, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa yarda da risho ba. Ta ce tuwon risho ba ya zama a ciki. Don haka a bayan gidanmu na haya a Samaru akwai duwatsu uku da ta jera da hannunta, kuma nan muke taruwa da yamma idan an sauke tukunya, tana tura dankali cikin toka da guntun itace. Tatsuniyoyinta ba su da rana. Wani lokaci mu yi mako muna roƙo, ta ce bakinta ya gaji. Wani lokaci kuma ba wanda ya tambaya, sai dai mu ji ta gyara murya.

Ina da shekara tara sa'ad da aka sa ranar auren Gwaggo Rifkatu, ƙanwar Baba, wadda ke zaune tare da mu. Tela ce, ta kusa arba'in, ba ta taɓa aure ba. Wani kafinta a Basawa, Malam Yohanna, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, shi ya nemi aurenta. An riga an fara sanarwa a coci, saura mako uku.

A kwanakin ne aka yi ta maganar za a nuna ɗaurin auren wani ɗan sarki na ƙasar Turawa kai tsaye. Talabijin ɗinmu ba ya kamo tashoshin waje. Baba ya ce shi ba ruwansa da bikin da ba a gayyace shi ba, ya ɗauki kekensa ya fita. Mu kuwa, ni da Mama da Gwaggo, muka hau bas zuwa Sabon Gari, gidan Mama Ngozi, ƙawar Mama mai sayar da atamfa, don ita ce mai setilayit da janareto. Kafin mu isa, Gwaggo ta biya kasuwa ta karɓi farin leshin da za ta ɗinka rigar aurenta.

Falon ya cika da mata. Ana ta yaba huluna da furanni. Masu sharhi a talabijin suna tare mutane a titi, wasu na murna da tutoci, wasu na cewa ɓarnar dukiya ce, su kuma masu sharhin suna ta komawa kan shekarun amarya. Da ta fito daga mota, Mama Ngozi ta dafe ƙirji.

"Wannan ce amaryar? Ai wannan ta isa jika!"

Wata ta ce, "A shekarun nan ai sai mutum ya je a ɗaura shiru, ba sai an tara jama'a ba."

Ni kuma, don in shiga cikin manya, na ɗaga murya na ce, "Tsohuwar amarya!" Falon ya ɗauka da dariya, har wata ta shafa min kai. Na ji daɗi ƙwarai. Gwaggo tana bayana, ledar leshinta a cinya. A bas, har muka iso Samaru, taga take kallo.

Da yamma ba ta ci tuwo ba. Kaka ta tambaye ni abin da muka gani, na zayyana mata kaf, har da maganata. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi Gwaggo da ke zaune nesa kan turmi, sannan ta gyara murya.

"Ku matso, ga ta nan tafe. Ke ma Rifkatu, zo ki juya min dankalin nan, idona ba ya gani."

Ta ce a wani gari ɗan sarki ya ga wata mai ginin tukwane, hannunta duk ya yi kanta, ƙuruciya ta wuce mata, ya ce ita yake so. Ranar biki jama'a suka yi yawa, aka rufe ƙofar fada. Sai wani mutum ya hau rimi a jikin katanga, yana faɗa wa na ƙasa abin da yake gani. Da farko gaskiya yake faɗa: amarya ta zauna, amarya ta sha fura. Mutane suka fara hamma suna watsewa. Da ya ga haka sai ya ce, "Kai, ashe tana ɗingishi!" Nan da nan suka dawo, har ana cilla masa goro. Ya ce ba ta da haƙora. Ya ce ya hango wutsiya a ƙarƙashin zane. Ihu ya kai har ɗakin amarya.

"Da aka gaya mata," in ji Kaka, "ta yi kuka. Kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Har ta ɗaure kayanta za ta bi ta ƙofar baya."

Amma tana ɗaure kayan sai ta ji muryar mutumin ta dushe, don tun safe yake ihu a rana. Ta ɗebi ruwa a tulun da ta gina da kanta, ta sa aka buɗe ƙofa, ta ratsa taron har gindin rimin. Ta ce, "Bawan Allah, sauko ka jiƙa maƙoshi." Ya sauko ya sha, idonsa a ƙasa. Kowa ya duba, ba wutsiya. Ta koma ciki aka ci gaba da biki.

Na tambaya, "Kaka, sun ba ta haƙuri?"

"Ina fa. Washegari akuyar wani ta haifi huɗu, duk gari ya koma can. Ita kuwa ta shekara talatin da mijinta. Nan ta tsaya, a ba ni dankalina."

An ɗaura auren Gwaggo a ranar da aka sa, cikin farar riga, coci cike. Mama Ngozi ce ma ta fi kowa rawa.

Na daɗe ina ɗauka don Gwaggo kaɗai aka yi tatsuniyar. Sai da na girma, waya ta shigo hannuna, hotunan bikin mutane suna wucewa ina jin yatsana na ƙaiƙayin rubuta abin da zai sa a yi dariya, sannan na gane inda Kaka ta ajiye ni a labarin. Ba ta dake ni ba, ba ta kunyata ni a gaban kowa ba. Ta bar ni na gano da kaina, ko da zai ɗauke ni shekaru. Har yau ina gode mata.

Ranar da muka binne Kaka, ni da Gwaggo muna wanke kwanukan baƙi, na ba ta haƙurin maganar da na yi ina yarinya. Ta ce ta tuna. Ta ce a ranar ta riga ta yanke shawarar zuwa wurin fasto da safe a janye sanarwar.

Na ce, "Gwaggo, kin san da ke Kaka take a tatsuniyar nan?"

Ta miƙo min kwano in ɗauraye. "Na sani mana. Da na kai mata ruwan wanka da safe, ba ta taɓo maganar ba. Cewa kawai ta yi in yanka rigar da ɗan faɗi, wai ta ga ina ƙiba."