Malam Zarami da Akwatin Wuƙaƙensa

Malam Zarami, Allah ya jiƙansa, kanwa yake sayarwa a kasuwar Potiskum, amma ba wanda ya taɓa tuna shi saboda kanwa. A shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, in ka shiga unguwar Hausari ka ce kana neman Zarami mai kanwa, sai a tsaya ana kallon juna. In ka ce mai wuƙaƙe, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofar gidan.

Shi ba mahauci ba, ba maƙeri ba, ba wanzami ba. Iyayensa daga Borno suka zo da fataucin kanwa, suka mutu suka bar masa rumfa. Karatunsa bai yi nisa ba, dukiya ba ta taru ba, in ana rabon goro a wurin suna shi ne ake tunawa da shi bayan ƙwarya ta kusa ƙarewa. Abu ɗaya ne in ya buɗe baki a kansa maza suke yin shiru, shi ne sanin tsohuwar wuƙa. Wannan ɗan sunan shi ne duk abin da ya mallaka a idon jama'a, ya kuwa riƙe shi da hannu biyu.

Duk ranar kasuwar wani ƙauye sai ya ɗaure buhun kanwa a bayan keke, ya nufi Nangere ko Mamudo. Kanwar dai hujjar fita ce. Abin da yake nema shi ne wuƙar da tsofaffin maƙeran Ngizim da Karai-Karai suka ƙera da ƙarfen tama, wanda suka narka da hannunsu daga dutse, tun kafin maƙera su koma saran sifiri, wato ƙarfen ƙarƙashin manyan motoci. Wuƙar sifiri, a wurinsa, ba wuƙa ba ce. Farar wuƙar kanti mai ƙyalli kuwa, ko taɓa ta ba ya yi sai in zai ba wata tsohuwa ita musaya, ya karɓe tata baƙa da ta gada. Tsofaffi da yawa sun yi murna da wannan ciniki har zuwa ranar da suka zauna yanka kabewa.

A haka ya tara guda talatin da takwas. Kowace da kubenta, kowace ya san garin da ya samo ta da sunan maƙerinta, ko dai sunan da aka faɗa masa. Ya jera su cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakinsa, ya kira matarsa Kellu ya ce mata, "Wannan akwatin, ko kaza kika ga ta hau kai, kira ni in kore ta da kaina." Bai sa kwaɗo ba. A ganinsa maganar maigida ta fi kwaɗo.

Ita kuma Kellu ya saya mata farar wuƙar kanti. Ta gwada ta a kan albasa, albasar ta zille ta faɗa cikin toka. Washegari yana hawa keke ta shiga ɗaki ta zaɓi guda. Ta yi aikinta, ta goge ta da toka, ta shafa mata ɗan man gyaɗa don kada a ga alama, ta mayar. Jibi ta ɗauki wata, don kada guda ta side a gane. Da tafiya ta yi tafiya, maƙwabta suka shigo ciki. Duk gidan da ake biki ko suna a layin, da wuƙaƙen Malam Zarami aka yanka kuɓewarsa, kuma kafin la'asar sun koma kubensu.

To, baƙin ƙarfe duk macen da ke girki ta san halinsa. In ya sha ruwan albasa da tsamiya da jinin nama, sai ya yi duhu, ya yi wani shuɗi-shuɗi mai kyan gani, tsatsa kuma ta rage kama shi. Malam Zarami bai taɓa girki ba. Shi dai ya lura duk shekara wuƙaƙensa ƙara duhu suke yi a cikin akwati, ba wanda ya taɓa su. Ya yi tunani mai zurfi, ya fito da ilimi.

"Tamar ƙwarai," ya ce wa majalisar da ke zama gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, "nuna take yi a cikin duhu, kamar yadda ake binne mangwaro. Ka ajiye ta, ka rufe, kada hannu ya taɓa ta. Alamarta biyu ce. Ga duhu, ga kuma wani ƙamshi da ke tashi daga jikin ƙarfen, in ka shinshina kamar na albasa."

Aka yi ta kaɗa kai. Shekara goma sha uku yana koyar da wannan karatu. Mutane daga nesa suna kawo masa wuƙaƙen gado, ya zare, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Matan unguwa kuwa, in labarin ya iso musu, sai kowace ta ja bakin mayafi ta rufe baki.

Asirin ya tonu ne a farkon daminar saba'in da biyar. Tayar kekensa ta fashe tun bai fita gari ba, ya juyo yana turawa. Yana shiga gida ya tarar da Kellu da maƙwabciyarta Yagana, matar wani mahauci Muhammadu Lawan, zaune a kan tabarma da tulin albasa a gabansu. A hannun Yagana kuwa ga wuƙar maƙeri Kaumi, wadda Malam Zarami ya fi so duk cikin akwatin, wadda ya yi zuwa bakwai Nangere kafin mai ita ya sallama.

Ya tsaya riƙe da keke. Yagana ta ajiye wuƙar a hankali, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta nemi takalmanta.

"Tun yaushe?" ya tambayi Kellu.

"Tun ranar da ka kawo mini ta kantin nan, Malam."

"Wace da wace?"

"Ban bar ko ɗaya tana jin haushin 'yar'uwarta ba."

Bai dake ta ba, bai ma ɗaga murya ba. Abin da ya tsaya masa a wuya ba taɓa wuƙaƙen ba ne. Yagana ce. Ya san kafin magariba mijinta ya ji.

Haka kuwa aka yi. Washegari a majalisa Muhammadu Lawan ya jira aka cika, sannan ya zaro wuƙar aikinsa ya miƙa masa. "Malam Zarami, shinshina mana wannan. Jiya na sa an yi mini miyar albasa da ita, ko ta zama tama?"

Aka yi dariya, wasu a fili, wasu cikin hannun riga. Da Malam Zarami ya yi dariyar tare da su, da magana ta mutu nan. Sai ya miƙe ya ce, "Mata sun taɓa, gaskiya ne, kuma sun ja musu baya. Yau zan sa kwaɗo. Ranar da aka gama yankan gero zan kawo akwatin nan gindin bishiyar nan in buɗe a gabanku. Ku zo da idanunku."

Ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuya tare da layarsa. Damina kuwa ta zo da ƙarfinta bayan shekarun fari, har bangon ɗakinsa ya yi gumi. Wata huɗu Kellu tana fama da wuƙar kanti, miya tana zuwa da kuɓewa manya-manya kamar an karya da hannu. Haka yake daurewa ya ci.

Saura kwana goma, zuciyarsa ta kasa haƙuri. Bayan azahar ya turo ƙofa, ya buɗe akwatin don ya ga irin nunar da suka yi. Ta farko ta ƙi fita daga kube. Ya ja da ƙarfi, ta fito ja wur da tsatsa kamar an tsoma ta a manja. Ta biyu haka, ta goma haka. Fatar kuben ta sha raɓa ta riƙe, ba mai gogewa, ba mai shafa mai. Ya zauna a ƙasa har aka kira la'asar bai ji ba.

Da safe zai fita, ya cire makullin ya ajiye a bakin turmi, kamar wanda ya manta. Ya dawo ya same shi a inda ya bar shi. Kashegari ma haka. Rana ta uku ya tsaya a bayan Kellu tana tankaɗe, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kin ga wani makulli a nan?"

"Na gani, Malam. Na ce ko na wani ne."

"Kellu."

Ta ajiye rariya. "Kwana nawa ya rage?"

"Bakwai."

"Guda talatin da takwas, hannu biyu ba zai iya ba. Sai na kira mata. Sai ka sayo albasa buhu guda, da tsamiya, da man gyaɗa. Da nama kuma, don ba ta yin duhu sosai sai ta sha jini."

"Naman dole ne?"

"Kai ne masani, Malam."

Ya sayo. Naman ma a wurin Muhammadu Lawan ya saye shi, don duk layin shi kaɗai ne mahauci, Lawan kuma ya yanka masa har da gyara bai tambayi komai ba. Kwana bakwai gidan Malam Zarami ya koma kamar gidan biki. Mata takwas suna dirza da yashi da toka, suna wasawa a dutse, suna yanka, suna hawaye, suna dariya. Shi kuwa yana zaune a rumfar kanwa tun safe har yamma, karo na farko cikin shekaru da masu saye suka same shi a wurin.

Talatin da bakwai suka farfaɗo. Wuƙar Kaumi ce ta ƙi. Ita ce a can ƙasan akwati, naɗe cikin fata biyu saboda gata, tsatsa ta ci ta ta yi mata ramuka kamar zanzana.

Ranar alkawari aka ɗauko akwatin zuwa gindin dalbejiya. Ya yi bisimilla, ya buɗe kwaɗon a gaban kowa, ya shiga zarowa ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙe sidik, suna sheƙi. Rabin mazan da ke wurin matansu sun kwana bakwai suna dawowa da jajayen idanu, amma dukansu sun ci daga miyar, saboda haka aka yi ta cewa ma sha Allah.

Muhammadu Lawan ne ya leƙa ƙasan akwatin. "Saura guda, Malam. Ko ba ta Kaumi ba ce? Me ya same ta, ita ba ta nuna ba?"

Malam Zarami ya ɗauke ta. Ya san kowane layi na jikin ƙotarta. Ya tuna tsohon da ya sayar masa da ita, yadda ya bi shi har bakin hanya yana cewa ya riƙe ta amana.

"Wannan," ya ce, "dama na daɗe ina shakkar ta. Sifirin mota ne. An cuce ni."

Ya jefar da ita a ƙasa, ya ƙara tura ta gefe da ƙafa don kowa ya gani. Sunansa ya tsira. Ya ci gaba da yanke wa wuƙaƙen mutane hukunci har shekara huɗu bayan nan, lokacin da ciwon ajali ya kwantar da shi. Amma a ranar, da taro ya watse bayan la'asar, ya yi kamar yana gyara takalmi har wurin ya zama ba kowa, sannan ya shiga dube-dube a gindin bishiyar. Bai same ta ba. Lawan ya riga ya ɗauke, ya ce tunda sifiri ce, za ta yi masa kankarar ganda.