Tsiren Jere

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta ranar da Firinsifal ya ci tsire da bakinsa, ya ce ni na ci ba. Ku sabbin direbobi, ku ji da kyau.

Ni ke tuƙa shi a lokacin, a wata makarantar kwana nan Kafanchan. Likita ya hana shi jan nama da lemon kwalba saboda hawan jini, Madam ɗinsa kuma nas ce, ba ta wasa. Amma duk tafiyar Abuja, muna shiga Jere sai ya taɓa kafaɗata. "Bitrus, faka. Bari in yi indolj kaɗan."

Ni a aji uku na tsaya, amma wannan kalma aiki ya koya mini ita. Ma'anarta mutum ya biye wa ransa, ya san abu bai dace ba, ya ce yau kaɗai. Sai dai ta manya ce. In Oga ya cinye tsinke goma, ya yi indolj. In ni na ci ɗaya, kwaɗayi ne.

Wata Asabar Madam ta buɗe mota za ta ɗauki jakar coci, warin ƙuli da albasa ya tare ta. Ta kira mu biyu.

"Wa ke cin tsire a motar nan?"

Oga ya gyara tabarau. "Mommy, na gaji da yi wa Bitrus magana. Ni ne da laifi, na cika indolj ɗin ma'aikata."

Ashe kalmar har sangarta yaro tana ɗauka. Da furfurata, ni ne yaron.

Na ɗauki laifin, don direba ba ya ƙaryata Oga gaban matarsa. Litinin aka karɓi makulli aka mai da ni gadi a get. Madam ta ba ɗan yayarta tuƙin, mai waƙa a kwayar coci, wanda ko Oga ya yi tari sai ya kai rahoto.

Ba a daɗe ba, wata yamma Oga ya zo get yana waige-waige. Ya rage murya. "Bitrus, ɗan'uwana, mai tsiren nan na tsallake..."

Na miƙe na sara masa. Na ce, "Sa, da kana da direba mai rufa asiri, ka sayar da shi. Yanzu maigadi kake da shi, aikinsa hana shiga. In Madam ta yarda, ni da kaina zan barbaɗa maka yaji."