Neman Fistin Daga Agege Zuwa Ilupeju

Agege, 5:40 na asuba

Ana sallame salla kakana Baba Tsoho ya ja kunnena muka fito. Naira dubu arba'in na cikin hularsa, fistin ɗin tsohon babur ɗinsa na hammata, naɗe da tsumma kamar jariri. Babur ɗin ya girmi babana. Shekara uku yana kwance a tsakar gida, Tsoho na kwance injin yana ɗaurawa, duk ranar da ya tara kuɗin wani ƙarfe sai ya tarar farashi ya yi gaba. Hajiya kakata ta gaji da tuntuɓe. Ta ce gobe da hantsi mai sayen gwangwan zai zo, in babur bai tashi ba a kilo zai tafi.

A bakin layin dogo Tsoho ya kafa doka. "Yau ba ma jin Yarabanci. Baƙi ne mu. Ka buɗe kunne ka jiyo min abin da suke ƙullawa."

"Tsoho, a nan fa aka yanke maka cibiya."

"Rufe min baki, ɗan nema."

Danfo biyu muka hau, ta Oshodi. Duk wanda ya yi tari a motar sai Tsoho ya dafe hula.

Mile 2, 8:15

Shago na farko dubu sittin. Na biyu sittin da biyar, wai dala ta tashi tsakanin shagon can da wannan. Tsoho ya ce bara dubu goma sha takwas aka faɗa masa. A na uku mai shago ya karɓi fistin ɗinmu don a gwada, ya miƙa wa abokinsa, ya ce da Yarabanci, "Kai shi baya ka goge da fetur, ka sa a leda. Malam bai san komai ba." Mu ya yi wa murmushi: "Baba, akwai tokumbo, na hannu daga waje, talatin da biyar."

Kafin in taka ƙafar Tsoho ya riga ya fashe. Yarabancin da ya zubo, su kansu Yarabawan sai da suka nemi tafinta. Har kakan kakan mutumin ya samu rabonsa. Muka ƙwace kayanmu.

Mun ci burodi da wake a tasha. Sai da Tsoho ya shinshina.

Ilupeju, 12:30

Wani mai gadi ɗan Maraɗi ya nuna mana rumfar Baba Lasisi, dattijon makaniki, a bayan wani sito. Baba Lasisi ya auna fistin, ya juya shi a rana, ya ce da Hausa ras, "Alhaji, wannan lafiyarsa ƙalau. Zobbansa ne suka cinye. Ina da su, dubu takwas."

Tsoho ya ƙanƙance ido. "Takwas? A ƙasar nan? Araha ba ta ado. Tashi mu tafi."

Nan take na hango babur a kan sikelin mai gwangwan. Allah ya taimake ni aka kira azahar, Tsoho ya tafi alwala. Na durƙusa. "Baba, don Allah ka tsawwala masa. In ba a cuce shi ba ba ya yarda."

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Da Tsoho ya dawo sai ya zaro wani kwali mai ƙura daga ƙarƙashin benci, zobban nan dai na ɗazu a ciki. "Waɗannan na ɓoye wa kaina ne. Talatin."

"Yauwa! Yanzu ka yi magana."

Awa guda suna ciniki, Tsoho ya yi fushi ya tafi sau huɗu. Aka daidaita a sha biyu. Muna fita Baba Lasisi ya cusa min dubu huɗu a aljihu. "Haƙƙin kakanka ne. Ka san yadda za ka mayar."

Gida, 4:50 na yamma

Kafin magariba an ɗaura inji. Washegari mai gwangwan na turo kurarsa cikin layi Tsoho ya taka babur don ya tashi. Na farko shiru. Na biyu tari. Na uku babur ya yi ƙarar da ta tashi tantabarun Agege kaf, hayaƙi ya kori sauron shekara guda. Mai gwangwan ya juya. Hajiya ta ce, "To, a dai fitar min da shi daga hanyar kicin."

Alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. Allah ya saka wa Baba Lasisi, da mai gadin da ban tambayi sunansa ba.

Dubu huɗun kuwa, in na miƙa na tona kaina, don haka fetur na saya na zuba a tanki yana masallaci. Yau kwana uku Tsoho na binciken wanda ya taɓa masa babur. Hajiya ce kan gaba a zargi. Wai dama ya san tana son babur ɗin, kunya ce ta hana ta faɗa.